Kutigi, alƙalin da ya rantsar da magajinsa

Jama'ar unguwa, Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ɗan jiharmu ta Neja ne, Banufe, haifaffen 1939. Da aikin lauyan gwamnati ya fara. Ya hau Kotun Ƙoli a 1992, ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2007.

Ƙarshen 2009 wa'adinsa ya cika, ga Shugaba 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya, bai miƙa wa mataimakinsa mulki ba. To, wa zai rantsar da sabon Alƙalin Alƙalai? Kutigi ya kafa hujja da Dokar Rantsuwa, ya rantsar da Katsina-Alu da kansa ranar 30 ga Disamba. Wasu lauyoyi suka yi masa ca, amma kujerar ba ta kwana ba kowa ba.

Ya rasu a Landan a 2018. Allah ya jiƙansa.