Cututtukan da ke Hana Shiga Gwajin Sabon Magani

Kafin a gwada sabon magani a jikin mutane, masu bincike kan fayyace waɗanda ba za a ɗauka ba. Galibi akan cire masu cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka, domin maganin kan iya tayar da cutar da ta kwanta, ko ya ci karo da wanda majiyyaci ke sha. Illar hakan ita ce likitoci ba sa sanin yadda maganin zai yi wa waɗannan mutane. Shi ya sa a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta ba da shawarar shigar da masu HIV cikin gwajin magungunan kansa, muddin garkuwar jikinsu tana da ƙarfi.