Sojan roba da motocinsa: yadda abin da yara suka yar ya zama dukiya

A shekarar 1985 shagunan kayan wasa na Amurka suka sauke wani kaya da ko a bayan mota ba ya shiga sai da dabara. Jirgin ruwa ne na roba, irin mai ɗaukar jiragen yaƙi, sunansa USS Flagg, na jerin kayan wasan G.I. Joe. Idan aka harhaɗa shi tsawonsa ƙafa 7 da rabi ne, wato ya fi gadon yaron da aka saya wa tsawo, kuma kuɗinsa dala 109.99. Yana da lasifika da yaro zai riƙa ba da umarni da ita, da ƙugiyar ɗaga kaya, da 'yar motar jan jirage, da kwamandansa mai suna Keel-Haul. Abin dariya, jirgin ba ya tafiya a kan ruwa. A tsakar ɗaki ake girke shi, mutanen gida su riƙa kewaya shi.

Yaran da iyayensu suka kasa saya musu shi a lokacin yanzu furfura ta fara fito musu, kuma su ne ke zuba dubban daloli don su mallaki wanda bai rasa komai ba. Gangar jikin jirgin ba ta cika wuyar samu ba. Abin da ke hana su barci shi ne ƙananan tarkacensa: 'yar bindigar kwamanda, da eriyar da ke saman hasumiya, da ɗan shingen da ke bayan jirgin. Wanda ke son fahimtar dalilin haka, sai ya koma baya zuwa asalin G.I. Joe.

Kada a ce 'yar tsana

A 1959 kamfanin Mattel ya fito da 'yar tsana Barbie, kuma 'yan kasuwa suka lura da wani abu: ribar tana ga tufafi da takalma da kayan ɗakin da ake saya mata ɗaya bayan ɗaya. Wani dillalin haƙƙin mallaka mai suna Stan Weston ya yi tunanin a yi wa yara maza irin wannan, amma da soja. A 1963 ya kai shawarar ga kamfanin 'yan'uwa Hassenfeld da ke Pawtucket a jihar Rhode Island, wanda duniya ta sani da Hasbro. Ya karɓi dala 100,000 lokaci guda ya sallama, bai ajiye wa kansa kaso a cinikin gaba ba.

Wanda ya mayar da tunanin ya zama abin riƙewa a hannu shi ne Don Levine, jami'in kamfanin da ya yi yaƙin Koriya. Matsalarsu ɗaya ce: ba uban da zai yarda a ce ɗansa namiji na wasa da 'yar tsana. Don haka aka haramta kalmar a cikin kamfanin, aka ƙirƙiro sabon suna mai ma'anar mutum-mutumi mai motsi. Aka sa masa suna G.I. Joe, laƙabin da Amurkawa ke kiran kurtun soja da shi, wanda kuma wani fim na 1945 ya ɗauka. Ya fito a Fabrairun 1964, tsayinsa kusan inci 12, da gaɓoɓi 21 masu lanƙwasuwa, a siffa huɗu: sojan ƙasa, sojan ruwa, sojan kundunbala na ruwa da matuƙin jirgin sama. Da yake ba wanda zai iya cewa shi ke da haƙƙin siffar ɗan Adam, sai aka yi masa tabo a kuncin dama, aka kuma bar farcen babban yatsansa a baibai, domin duk wanda ya kwaikwaya a kama shi.

Shekaru bayan haka gaskiya ta yi halinta. A 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar kuɗin fito tsakanin Hasbro da gwamnati, ta yanke cewa a idon kwastan G.I. Joe 'yar tsana ne, harajin 'yar tsana za a biya masa.

Sojan koto ne, kayan su ne ƙugiya

Sojan da ke cikin kwali kusan hannu rabbana yake zuwa: kaki, hula, takalmi da 'yar sarƙar wuya mai lambar shaida. Bindiga, hular kwano, gorar ruwa, jakar goyo, tanti, rediyon daji, kayan nutso a teku, duk daban ake sayar da su. Har akwatin katako aka yi na zuba su, irin wanda soja ke ajiyewa a gindin gado. Yaro ya samu soja ɗaya, uba ya shiga biyan kuɗin kaya shekara da shekaru.

Soja mai inci 12 kuwa motarsa ba ƙarama ba ce. A 1965 aka fito da jif mai suna Five Star, da tirela, da doguwar bindiga a baya, da fitilar hange mai aiki da batir. A 1966, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke tseren zuwa sararin samaniya, sai ga kumbo irin na shirin Mercury, da rigar ɗan sama jannati mai ƙyalli, har da faifan garmaho a cikin kwalin. A shekarar ce kuma aka yi sojojin wasu ƙasashe: Bajamushe, Bajapane, Barashe, Bature ɗan Ingila, ɗan Ostireliya da ɗan gwagwarmayar Faransa.

Ba duk abin da suka gwada ne ya karɓu ba. A 1967 aka fito da ma'aikaciyar jinya ta soja, da sandunan guragu da kwalbar ƙarin jini. Maza suka ce mace ce, mata suka ce ta gidan soja ce, ta yi kwantai a kanti. Wannan kwantan shi ya ɗaga darajarta. Da yake kaɗan aka sayar, a yau tana cikin abubuwan da suka fi tsada a wannan harka, musamman idan tana cikin kwalinta.

Yaƙin gaske ya kori na wasa

A ƙarshen shekarun 1960 talabijin ya fara kawo wa Amurkawa hotunan Biyetnam har cikin falonsu, da akwatunan gawa lulluɓe da tuta. Iyaye suka daina sha'awar sa wa 'ya'yansu bindiga a hannu, ciniki ya faɗi. Hasbro ta tuɓe wa sojanta kaki. Daga 1970 ya koma ɗan kasada, mai gashi da gemu, yana neman dukiya a kabarin Fir'auna, yana farautar damisa, yana kokawa da dorinar teku. Motocinsa ma suka sake launi. Koren soja ya ja baya, sai ruwan ɗorawa da ja, kamar 'yar motar nan mai taya 6 ta ratsa sahara, da babbar motar 1972 mai ɗaki da na'urar hange a ciki. Mai son sanin yadda zuciyar Amurkawa take game da yaƙi a wata shekara, ya dubi launin motar G.I. Joe ta shekarar.

A Ingila labarin ya ɗan bambanta. Kamfanin Palitoy da ke Coalville ya karɓi lasisi a 1966 ya kira nasa Action Man, kuma bai yar da kaki ba. Ya ɗinka masa kayan rundunonin Birtaniya, ya yi masa tankar Scorpion da Land Rover. A can aka fara dasa gashi, a can kuma aka fara yin hannun roba mai taushi da ke iya damƙar bindiga a 1973, kafin Amurka ta ɗauka a 1974. A Sifen akwai Geyperman, a Burazil akwai Falcon, a Japan kuma kamfanin Takara ya bi wannan jiki har ya kai shi ga wasu ƙananan mutanen ƙarfe da daga zuriyarsu Transformers suka fito.

Abin da ya kayar da babban sojan shi ne man fetur. Roba daga ɗanyen mai ake yin ta, kuma a 1973 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin man da ya cika aljihun ma'aikatan Nijeriya a zamanin Udoji, shi ya sa yin jif mai girman akwati ya zama asara a Rhode Island. A 1976 aka daina yin mai inci 12. An gwada mai inci 8, shi ma bai wuce 1978 ba.

Da mutum ya ƙanƙance, motar ta samu fili

A 1978 kamfanin Kenner ya nuna hanya da 'yan mutanen fim ɗin Star Wars, masu inci 3 da kwata uku. Hikimar a fili take: idan mutum bai wuce tsawon yatsa ba, ana iya yi masa jirgi da tanka a kuɗin da uba zai iya biya. A 1982 Hasbro ta dawo da G.I. Joe a wannan girma, da dakaru 13, kowa da sunansa da tarihinsa a bayan kwali. Marubuci Larry Hama shi ya rubuta mafi yawan waɗannan bayanai, shi ne kuma ya ja mujallar zane ta Marvel da ta yi fitowa 155 daga 1982 zuwa 1994. Maimakon wata ƙasa ta gaske, an ƙirƙiro musu abokan gaba, ƙungiyar Cobra, don kada a ɓata wa kowa rai.

Wannan shi ne zamanin da masu tara motoci suka fi ƙauna. A 1982 akwai jif VAMP da tankar MOBAT mai tafiya da batir. A 1983 sai jirgin Skystriker da aka kwaikwayo daga F-14, mai buɗe fukafukai da rufewa, da jirgi mai saukar ungulu Dragonfly, da baƙar tankar Cobra mai suna HISS. A 1984 sai WHALE, mai tafiya a ruwa da tudu. Bayan Flagg aka yi sansanin Terror Drome a 1986, da kumbon Defiant a 1987. Kamfanin ya kuma ƙara wata dabara: direbobi da matuƙa da yawa ba a sayar da su su kaɗai. Mai son Clutch sai ya sayi VAMP, mai son Ace sai ya sayi Skystriker. Da can kaya ke bin soja, yanzu soja ya koma bin mota.

Abin da ɓarna ta bari

An daina jerin ƙananan sojojin a 1994, shekarar da masoyansa suka yi babban taro a birnin New York a kan Intrepid, tsohon jirgin ruwan yaƙi na gaske da aka mayar gidan tarihi. Shekara ɗaya bayan haka aka buɗe eBay, kuma kayan da ke jibge a sito da gareji suka fara samun farashi. A 2003 wani ɗan kasuwar Baltimore, Stephen Geppi, ya sayi samfurin farko da Don Levine ya adana a kan dala 200,000, ninki biyu na abin da aka biya mai tunanin tun asali. A 2004 aka shigar da G.I. Joe zauren karrama kayan wasa na ƙasa da ke Rochester.

Miliyoyi aka yi na waɗannan motoci, to me ya sa cikakkiya ke wuya? Saboda yara sun yi abin da aka saya musu ita domin shi. Sun binne tankoki a rairayi, sun jefo jirage daga bene, sun sa wa wasu wuta don su ga yaƙi sosai. Roka mai tsawon ashana ta faɗa cikin ciyawa, injin shara ya haɗiye hular kwano. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Heavy Metal, direban tankar Mauler ta 1985. Yana da ɗan makirfo da ake maƙalawa a hularsa, bai kai tsawon farce ba, kuma a yau wannan ɗan abu ya fi direban kansa tsada nesa ba kusa ba.

Kwalin ma haka. Hasbro ta buga wasu maki a jikin kwalaye, yaro ya yanko ya tara, ya aika ta gidan waya a turo masa sojan da ba a samu a kanti. Ta haka aka fara samun shugaban Cobra a 1982. Kamfanin da kansa ya koya wa yara yanka kwali, shi ya sa kwalin da almakashi bai taɓa ba ya zama abin nema. Haka takardar zanen harhaɗawa, da sitikar da ba a ɓare ba.

Abin da yara suka bari kuma, lokaci na cinye shi. Farar robar Skystriker tana komawa ruwan ƙwai, batir da aka manta a cikin MOBAT yana zubo da ruwa ya cinye wayoyi, zoben robar da ke riƙe ƙugun ƙananan sojojin yana tsinkewa, hannayen nan masu taushi na 1974 suna marmashewa. Daga nan sana'o'i suka tsiro: masu gyara, masu wanke roba da sinadari su shanya a rana, masu sayar da motar da ta lalace gunduwa-gunduwa kamar 'yan gwangwan, da kamfanonin da ke duba kaya su ba shi maki su kulle a akwati mai kama da gilashi. Masu jabu ma ba a bar su a baya ba. Na'urar buga abubuwa ta zamani tana iya fitar da roka ko eriya da sai gwani zai bambance, don haka tsakanin masu wannan harka ba laifi ba ne ka cike gurbi da kwaikwayo, laifin shi ne ka sayar ba ka faɗa ba.

Akwai saɓani da bai ƙare ba a tsakaninsu. Wasu na ganin darajar tana ga kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, wasu kuwa na cewa motar da ba a harhaɗa ba gawa ce a cikin likkafani. Hasbro ta gane cewa yaran jiya su ne masu albashi a yau: a 2021 ta nemi su biya tun kafin a ƙera, ta sake yi musu Skystriker, kuma suka biya. Sabon ya fi tsohon kyau da ƙarfi, amma bai kashe kasuwar na 1983 ba. Mutumin da ke bin gwanjo da tsakar dare yana neman rokar nan guda ɗaya ya san inda tasa ta ɓace, a bayan gidansu, da rani, yana ɗan shekara tara.