Ƙararrawar tsaron gida a Illela: Abubuwan dubawa kafin a saya

Illela gari ne na kasuwa da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Hada-hadar dabbobi da hatsi ta sa magidanta da dama na ajiye kuɗi da haja a gida, abin da ke jan hankalin ɓarayi. Sai dai yawancin na'urorin ƙararrawa da ke kasuwa an ƙera su ne domin ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, don haka zaɓensu a nan na buƙatar lura.

Na'urar ta ƙunshi akwatin da ke sarrafa komai, da jiniya, da ƙananan na'urori masu gano shigowar baƙo. Daga cikin waɗannan akwai ta maganaɗisu da ake liƙawa a ƙofa ko taga, wadda ke tayar da jiniya da zarar an buɗe. Akwai kuma mai gano motsi, wadda 'yan kasuwa ke kira PIR.

Ita PIR tana aiki ne da bambancin ɗumin jikin mutum da na wurin da yake, kuma a nan matsalar take. A watannin bazara zafi kan haura digiri 40 a jihar Sakkwato, alhali ɗumin jikin ɗan'adam bai wuce kimanin 37 ba, sai bambancin ya ragu, ƙarfin ganinta ya yi rauni. Sannan tsakar gidan Bahaushe ba ta rabuwa da awaki da tumaki. Ko samfurin da aka ce ba ya kula dabbobi, kyanwa da ƙaramin kare ake nufi, ba ragon layya ba. Jiniyar da ke kuka kowane dare a kan akuya kuwa, ba a jimawa maƙwabta su daina fitowa. Shi ya sa ta maganaɗisu, wadda ta fi araha, ta fi dacewa da ƙofar zaure da ɗakin ajiya da shago, a bar PIR ga ɗakin da ke rufe.

Na biyu shi ne lantarki. Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, kuma na'urar da ta dogara da wutar layi kaɗai ba abin dogaro ba ce. Ya kamata mai saye ya tambayi awa nawa batirinta ke ɗauka, ya kuma haɗa ta da ƙaramin faifan sola. Zafi na rage wa batir kwana, ƙurar hunturu kuma na dushe faifan idan ba a goge shi.

Na uku shi ne sadarwa. Na'urori da yawa na ɗaukar layin waya domin su kira mai gida ko su tura masa saƙo. Dole layin ya kasance an haɗa shi da lambar NIN, da kuɗi a ciki, ana kuma motsa shi, domin kamfani na rufe layin da aka daɗe ba a taɓa ba. A bakin iyaka kuma layi kan iya kama sabis ɗin Nijar, don haka a gwada shi a daidai inda za a kafa akwatin. Ba a manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan yanayi, jiniyar da ke kuka ba tare da sabis ba ce kaɗai ke da amfani.

Idan za a ƙara da kyamara, a fuskantar da ita ga ƙofa da katanga, kada ta leƙa cikin gidan maƙwabta.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wa zai amsa kiran. Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, firgita shi take yi ta tashi mutane. A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da ke sa ido dare da rana su kira 'yan sanda. A Illela aikin ya fi komawa kan maƙwabta da 'yan sintiri da mai unguwa, sai ofishin 'yan sanda da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmad Aliyu ta kafa. Gara a yi shawara da su tun kafin a kafa na'urar, a kuma sanya lambobinsu a cikinta.

Wannan duk batun ɓarawon da ke haura katanga ne a ɓoye. Gungun mahara masu bindiga, irin waɗanda suka addabi Isa da Sabon Birni, jiniya ba ta korarsu, kuma maƙwabcin da ya fito da sanda na iya rasa ransa. Domin irin wannan dare, ya kamata unguwa ta amince da wata alama ta daban, mai nufin kowa ya ɓuya, kada ya fito.