Ƙarfen da ke Riƙe Bakin Yanka

Kayan wanzami kowanne da sunansa: aska, ƙaho, hantsaki, da zabirar da ake zuba su. Almakashi da allura ma sun shiga ɗakin tiyata da sunayensu na gida. Amma akwai ƙarfen da har yau ba a raɗa masa sunan Hausa ba, wanda ake saƙalawa a bakin yanka a ja fata da tsoka gefe don likita ya ga ciki. Ma'aikata kan ce ritirakta. Wanzami ba ya buɗe ciki, majiyyaci kuwa ba ya ganin abin da ake yi masa, to wa zai sa sunan?

A tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wada, inda aka yi ta yaye likitoci kafin a koma Shika a 2005, hannun ɗalibi ne ke fara sanin ƙarfen nan, domin riƙonsa na cikin ayyukan farko da ake ba shi. Da sunan mutum ake kiran kowane irin ƙarfen. Langenbeck, mai lanƙwasa irin ta fartanya, sunan likitan Jamus ne da ya rasu a 1887. Doyen Bafaranshe ne, nasa mai faɗin baki shi ke kare mafitsara idan za a ciro jariri. Na Deaver ya fi shiga lungun ciki. Balfour kuwa ba ya bukatar mai riƙo, ana ɗaure shi ya tsaya da kansa.

Sunan da ya fi yi mini nauyi shi ne Sims, ƙarfen da ake aikin yoyon fitsari da shi. Marion Sims ya gwada dabarunsa ne a jikin bayi mata a Alabama ta Amurka a shekarun 1840, ba tare da maganin kashe zafi ba. Kullum ana ambatonsa, Anarcha da Lucy da Betsey kuwa, daga cikin bayin nan, ba a cika ambatonsu ba.

Likitoci su riƙe waɗannan sunaye a tsakaninsu, sauri suke nema. Amma mai yi wa dangi bayani kafin su sa hannu yana bukatar Hausa. Ƙugiya ba ta dace ba, tsini take kawowa a rai, alhali yawancin ƙarafan bakinsu dakusasshe ne don kada su yaga nama. Ni dai na hannu zan ce masa majayi, mai tsayawa da kansa kuma matokari.