TARIHIN KALMA: DAGA INA SUNAN DUTSEN AƘIƘ YA SAMO ASALI?

Duk lokacin da alhazanmu na Jalingo suka dawo daga Makka, da wuya a rasa zoben aƙiƙ cikin tsaraba. Shi ne dutsen nan mai sheƙi da ratsi-ratsi, ja da fari ko ruwan ƙasa, wanda iyayenmu mata ke kira tsakiya idan an huda shi an yi abin wuya.

Aƙiƙ kalmar Larabci ce. Tushenta na nufin tsagawa ko yankewa, kuma daga nan ne aka samu aƙiƙa, wato ragon suna, da Wadil Aƙiƙ, kwarin da ruwa ya tsaga a Madina. A ƙasashen Musulmi aƙiƙ ɗin Yemen ne ya fi suna. Su kuwa Turawa sun ɗauko nasu sunan ne daga kogin Akates na tsibirin Sisili, wanda masanin Girka Tiyofirastus ya ambata kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ta hanyar fatauci da aikin hajji dutsen ya iso ƙasar Hausa. Garin Kambay na Indiya ya daɗe yana sassaƙa shi. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka riƙa sayo ɗanyensa daga Brazil, suna rina shi, suna turowa kasuwannin Afirka ta Yamma. Fatake Hausawa kuma a da su ne suka riƙa kai jan dutse daga gaɓar kogin Kwara zuwa Ilori, inda aka riƙa huda shi ana yin duwatsun da ake kira lantana.

Sai dai a yi hattara. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa zoben azurfar Manzon Allah (SAW) yana da dutse na Habasha, wasu malamai suka ce aƙiƙ ne. Amma ruwayoyin da masu talla ke kawowa, wai yana korar talauci, malaman hadisi ba su inganta su ba. Ga kuma jabu na gilashi da roba. Na gaske yana da sanyi da nauyi a hannu, wuƙa ba ta kankare shi, kuma ba a ganin ƙwayoyin iska a cikinsa.

Wanda ya gaji tsakiyar kakarsa ya adana ta da kyau. Allah Ya sa mu amfana.