Gidan Ɗan Hausa da Hannun Magina

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nasarawa a Kano, a wajen badala, kuma ginin ƙasa ne tun daga harsashi har zanko. Ya ci sunan Hanns Vischer, Bature haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa. Ba shi ya kafa gidan ba. Tarar da shi ya yi a yankin gandun Sarki, ya sa magina suka gyara, suka yi ƙari. A nan Nasarawa ya buɗe makarantar boko a 1909, wadda ta tara 'ya'yan sarakuna da malamai daga lardunan Arewa. Bayan tafiyarsa jami'an Turawa suka ci gaba da zama a ciki. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ya zama gidan adana kayan tarihi da 'yan makaranta da baƙi ke ziyarta.

Abin da ya riƙe gidan fiye da shekara ɗari kuwa shi ne gyara a kan kari. Ginin ƙasa ba ya son sakaci ko na damina ɗaya. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙa, sai rufi ya fara lotsawa. Don haka magina masu gadon sana'ar kan bi bango kafin saukar ruwa, su toshe tsaga, su sake yaɓe. Sun san ƙasar da ta dace da tubali, sun san azarar giginya da gara ba ta ci. Makubar da ke korar ruwa daga bango daga ɓawon ɗorawa ake samunta, katsin da ake haɗa laso da shi kuwa daga marina yake fitowa. Ke nan gidan yana rataye a wuyan marini da manomi, ba magini kaɗai ba.

A nan damuwar take. Siminti ya janye matasa daga ginin gargajiya, shafa shi a bangon ƙasa kuma ɓarna ce, domin yakan kulle danshi a ciki har ya ɓanɓare da ƙasar. Gwanayen ɗaurin guga da zanen bango sun ƙaranta, da yawansu sun manyanta. Duk kuɗin da aka ware wa gidan, wajibi ne a fitar da kason koya wa yara aikin a gaban waɗannan dattawa.