Yadda Za Ka Haɗa Fitilar LED ta Renon Dashe da Kanka

Fitilar renon shuka fitila ce da ke ba tsiro hasken da yake haɗa abincinsa da shi idan yana cikin ɗaki. A ƙasarmu rana ba ta yi mana rowa ba, saboda haka kar wani ya sayar maka da fitila don noman masara ko tumatirin da ke fili. Inda take da amfani shi ne renon dashe a rufaffen ɗaki: tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji da latas. Manomi kan kai dashe ɗaki don ya tsere wa farin ƙudan da ke yaɗa cutar nannaɗewar ganyen tumatir, ko ruwan sama mai dukan tsiro, ko zafin bazara. Sai dai hasken taga ba ya isa. Tsiro ya yi tsawo siriri, ya karkata, in an dasa shi ya kwanta. In irin haɗin nan mai tsada ka saya, asarar ba ƙarama ba ce.

Hasken da shuka ke so

Ganye yana aiki da hasken da idonmu ke gani, musamman shuɗi da ja. Shuɗin yana sa tsiro ya yi gajere da kauri, jan kuma yana taimaka wa girma. Farin LED yana ɗauke da duka biyun, don haka ba dole sai ka nemi mai launin shunayya ba. Ka duba kwalin: wanda aka rubuta 4000K zuwa 6500K ya dace da dashe. Farin haske yana da wata riba kuma, domin za ka ga ainihin launin ganye, ka gane cuta ko ƙwaro da wuri.

Lissafi kafin saye

Mu ɗauki kanta mai tsawon mita 1 da faɗin rabin mita. Wat 60 na LED zai wadace ta. Zaren LED mai bolt 12 da aka fi samu a kasuwa yana cin wat 14 da ɗan ɗoriya a kowace mita, wato layi huɗu na mita ɗai-ɗai sun kai ka kusan wat 58. Ka raba wat da bolt ka sami amfiya: 60 a raba da 12 ya ba ka amfiya 5. Wannan lambar ce za ta nuna maka adaftar da za ka saya, da kaurin waya, da fis.

An zaɓi bolt 12 ne saboda dalili biyu. Ba ya jan mutum kamar wutar gida mai bolt 220 zuwa 230, ga shi kuma ɗakin reno ba ya rabuwa da ruwa. Na biyu, yana tafiya da batir da sola.

Kayan da za ka tanada

Zaren LED ko sandar LED mai bolt 12, mita 4.
Alminiyam mai kwana ko mai kwari, guda 4, kowanne mita 1, da gajeru 2 na gicciye. Masu haɗa tagogin alminiyam suna da ragowa mai araha.
Adafta mai bolt 12, amfiya 8 zuwa 10, in da wutar gida za ka yi aiki.
Wayar tagulla ja da baƙa: mai kaurin 1.5 ta babban layi, mai 0.75 ta rassa.
Fis na mota mai amfiya 7.5 da gidansa, da makunni.
Fankar kwamfuta mai bolt 12, ɗaya ko biyu.
Dalma da ƙarfen liƙi, salatif, sukurori, sarƙa ko igiyar ratayewa.
Mitar gwajin wuta, da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa in hali ya yi.

Kar ka sayi adafta mai amfiya 5 cif. Wadda ke aiki a iyakar ƙarfinta awa 14 kullum ba ta daɗewa. Ka bar mata sarari, aƙalla kashi ɗaya cikin biyar.

Sanyaya fitila

LED ba ya ƙuna a gaba kamar tsohon ƙwan lantarki, amma kusan rabin wutar da yake ci, ko fiye, zafi take zama a bayansa. In zafin bai sami hanyar fita ba, hasken zai dusashe a hankali har ƙwayoyin su fara mutuwa. Shi ya sa ba a manna zaren LED a jikin katako, roba ko kwali. Alminiyam ne ke janye zafin ya miƙa wa iska.

Ka goge alminiyam ɗin tas, babu ƙura babu maiƙo, sannan ka manna zaren ya kwanta sosai. Gam ɗin da ke bayan zaren yakan saki idan ya ji zafi, to ka ƙara ɗaure shi a wurare uku ko huɗu. A bakin kowane zare ka sa salatif a ƙarƙashi don kada tagullar ta taɓa ƙarfen. Ka jera layukan huɗu da tazarar santimita 10 zuwa 12, ka ɗaure su da gicciyen. Ka bar aƙalla santimita 10 tsakanin bayan fitilar da kantar da ke sama, ka kafa fanka a gefe tana hura iska a kan alminiyam ɗin.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan awa ɗaya da kunnawa, ka ɗora yatsa a bayan alminiyam. In za ka iya barin sa, lafiya lau. In sai ka janye da sauri, zafi ya yi yawa: ƙara fanka ko ka sa alminiyam mai faɗi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a su Sakkwato da Maiduguri, fanka ta zama dole. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, sai ka riƙa share fankar da fuskar fitilar duk mako.

Haɗa wayoyi

Ka yanke zaren a kan layin da aka yi wa alamar almakashi kawai. Kowane yanki yana da alamar + da −. Ja ta tafi +, baƙa ta tafi −. In ka juya su fitila ba za ta kama ba.

Kowane layi ya sami tasa wayar daga babban layi: duk jajayen su haɗu wuri ɗaya, duk baƙaƙen su haɗu wuri ɗaya. Kar ka jona bakin wannan da bakin wancan har mita huɗu, domin na ƙarshen zai yi duhu, na farkon kuma ya ɗauki zafi. Ka liƙe kowace mahaɗa da dalma, ka rufe. Wayar da aka murɗa da hannu kawai takan yi sako-sako, ta yi zafi, daga nan gobara ke tashi.

Tsarin shi ne: adafta ko batir, sai fis a kan jar waya kusa da shi sosai, sai makunni, sai rassan fitila da fanka. Babban layin kada ya wuce mita 3. In dole ya yi nisa, ka koma waya mai kaurin 2.5. Kafin ka jona fitila, ka gwada da mita ka tabbatar bolt 12 ke fitowa.

Adafta da soket su zauna sama da inda kake ban ruwa, wayar kuma ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga soket, yadda ɗigon ruwa zai sauka ƙasa. In adaftar mai gidan ƙarfe ce da ake ɗaura wa wutar gida da sukurori, ka kira mai wayarin ya haɗa, har da wayar ƙasa. Akwai kuma ƙwayoyin LED masu faɗi da ake jona wa wutar gida kai tsaye. Suna da araha, amma kar ka kai su inda ake zuba ruwa.

In da sola za ka yi aiki

Wat 60 na awa 14 ya kama wat-awa 840 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe 1,200, amma irin mai ruwa ko jel ba a so a sha fiye da rabinsa. To dabarar ita ce ka kunna fitilar da rana, daga asuba zuwa bayan magariba, lokacin da farantin sola ke ba da wuta. Farantin wat 250 zai iya ɗaukar nauyin, in ana goge masa ƙura. Ka lura da abu ɗaya: batir idan yana caji yakan haura bolt 14, wannan kuwa yana dafa zaren LED mai bolt 12. Ka sa ƙaramar na'urar da ke daidaita wuta a bolt 12 tsakanin kwantirola da fitila, mai ɗaukar amfiya 10.

Yadda za ka yi amfani da ita

Ka rataye fitilar santimita 15 zuwa 25 a saman ganye, kana ɗaga ta yayin da tsiro ke tashi. Ka kunna tun ranar da iri ya fara ɓullowa, awa 14 zuwa 16, sauran awannin a bar shi cikin duhu. In ka ga kara na tsawo siriri, sauko da fitila. In ganyen sama na koɗewa ko bakinsa na bushewa, ɗaga ta. Farin fenti ko farar takarda a bangon kanta na mayar da hasken da zai ɓata.

Tumatir kan isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, attaruhu da tattasai sukan kai mako 5 zuwa 6 ko fiye. Hasken fitilar nan bai kai ko kusa da ranar tsaka ba, saboda haka kar ka ɗauki dashe daga ɗaki kai tsaye zuwa gona. Ka yi mako guda kana fitar da shi, da fari awa biyu da safe, kana ƙarawa kullum, sannan ka dasa da yamma.

Ga ƙungiyoyin manoma, ya fi kyau ku fara da kanta ɗaya. Ku shuka tire guda a ƙarƙashin fitila, wani a rumfar raga a waje, iri ɗaya rana ɗaya, ku rubuta kuɗin da kuka kashe da yawan dashen da ya rayu a gona. In rumfar raga ta ba ku dashe mai kyau, ku riƙe kuɗinku. In fitila ta yi gaba, ku ƙara kanta ta biyu, kowace da nata fis ɗin da nata makunnin.